Zakanyar Sentul

Chow Kit, Kuala Lumpur
9 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Kawu Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Kazaure. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya fashin rana ko ɗaya.

Na san ba ka san ni ba. Sunana Fiddausi, 'yar Surayya ta biyu, Surayya 'yar marigayi Malam Datti na Fagge, wanda kakansu ɗaya da mahaifinka. Umma ta ce rabonta da kai tun kafin a haife ni. Ita ta ba ni lambar 'yarka Mero, ta ce kunnenka ya yi nauyi ba ka son waya, amma kana karanta takarda. Mero ta yarda za ta riƙa buga wasiƙata a takarda ta kawo maka, in ka rubuta amsa ta ɗauki hotonta ta turo min.

Ina karatun digiri na biyu a nan kan cututtukan awaki. A cikin karatun dole kowa ya yi wata uku a wani wurin aiki, ni kuma aka tura ni wani gidan kula da namun dajin da aka ceto, tafiyar awa ɗaya da rabi daga birni, a gindin duwatsu. Ba gidan zu ba ne, ba a shiga kallo. Yawancinsu damisoshi ne irin na ƙasar nan, manya masu zane-zane, waɗanda tarkon waya ya ji wa ciwo.

Kwana goma sha biyu ke nan da aka kawo mana zakanya. A wani ɗakin ajiye kaya aka same ta a unguwar Sentul, bayan tsofaffin shagunan gyaran jirgin ƙasa. Wani mai hali ne ya sayo ta tana jaririya ta ɓarauniyar hanya, ya ajiye ta shekara huɗu ita kaɗai a keji da bai fi rumfar mai shayi ba. Sunanta Manja. Ta iso da jikinta mai kyau, gashi na sheƙi. Muka ba ta ɗaki mai tsabta, da ƙofa mai fita fili mai ciyawa da itatuwa da ɗan tafki. Kawu, ko leƙa ƙofar ba ta yi ba. Ta juya fuska bango ta kwanta. Sau biyu kawai ta taɓa abinci, shi ma loma ce ba ci ba.

An duba jini, an duba haƙora, an ɗauki hoton ciki, babu komai. Ni da kaina nake sammako kasuwar Chow Kit in zaɓo hanta, cinyar akuya, kaza da ɗuminta. Sai dai ƙudaje su ci. Muna yi mata ƙarin ruwa, amma ƙashin bayanta ya fara fitowa. Dakta Zuhra, shugabar likitocinmu, ta ce in wata ya ƙare a haka ƙodarta za ta lalace, kuma ba za su zuba ido ta mutu a hankali ba, za su yi mata allurar da ba a tashi.

Umma ta ce shekara ashirin da bakwai ka yi kana kula da zakuna. Don Allah, Kawu, me muka kasa gani?

'Yarka,
Fiddausi

Kazaure
13 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Muna lafiya, sai gwiwa da ke tuna min shekaruna kowace safiya. Gero ya yi kyau bana, muna cikin girbi. Ki gaida Surayya. Ina tuna ta tana ƙarama, an kawo ta wurin aikina, jimina ta miƙo wuya ta kwasa da gudu ta bar takalmi ɗaya.

Da na karanta, sai na ninke takardar na sa ƙarƙashin tabarma har kwana biyu. Ban san ko mahaifiyarki ta gaya miki yadda na bar aikin ba. Ba ritaya na yi ba, kora ta aka yi. Zakin da na rena da hannuna, Barde, ya fita daga kejinsa wata Litinin da safe, aka harbe shi a bayan ɗakin yanka nama, aka ce laifina ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban yi zancen zaki da kowa ba. Amma kin ce ƙarshen wata, shi ya sa na ciro takardar.

Likitocinku damisa suka sani. Damisa ita kaɗai take yawonta, in kin ba ta ɗaki ita kaɗai kin yi mata gata. Zaki ba haka yake ba. Mun taɓa yin wata zakanya, Laraba, ɗan'uwanta ya mutu ta yi kwana tara ba ta ci ba. Sai na ɗauko bencina na ajiye jikin kejinta, a nan nake cin tuwona na rana, ina ta surutu ni kaɗai kamar mahaukaci. Rana ta goma ta ci. Ba sona take ba, so take ta ji wani yana numfashi kusa da ita.

Kin ce ita kaɗai aka samu a wancan ɗakin. Ban yarda ba. Zakanyar da ta yi shekara huɗu ita kaɗai ba za ta iso muku gashi na sheƙi ba, da tuni ta cinye wutsiyarta ko ta goge goshinta da ƙarfe. Akwai wanda take kwana da shi, ko mutum ko wata dabba. Waɗanda suka je ɗauko ta da motoci da bindigogi suka je, duk mai ƙafa zai gudu. Ki koma can ki tambaya. Kada ki nemi mai gidan, shi bai san komai ba. Ki nemi wanda yake share kashinta.

Kafin nan ku daina canza mata nama, ba a naman matsalar take ba. In za ki zauna kusa da ita ki ba ta gefe, kada ki zuba mata ido.

Allah Ya ba ku sa'a.

Kawunki,
Ɗayyabu

Sentul
15 ga Oktoba

Kawu, ina gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan a bakin titi. Na zo, na bincika maganar da ka faɗa. Karya ce! Zan rubuto da bayani in na samu sarari.

Fiddausi

Chow Kit
19 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, an kuma gama girbi lafiya. Ni ina nan ƙalau, sai gajiya. Kwana huɗu ina duba waya ban ga amsarka ba. Mero ta ce lafiyarka lau, ta ba ka 'yar takardata ka karanta ka sa a aljihu.

Bari in ba ka labarin yadda aka yi. Na tarar da ɗakin ajiyar a kulle, an manna takardar hukuma a ƙofa. A tsallaken titi akwai shagon shayi. Sau uku ina tambayar mai shagon wa yake share wurin a da, yana yi kamar bai ji ba, sai da na zauna na sha kofi biyu sannan ya nuna min wani dattijo Ba'indiye da haɓa. Sunansa Ankul Selvam, shi ne tsohon mai gadin wurin. Da na matsa sai ya miƙe zai tafi, ya zaci kama shi na zo yi. Na nuna masa katin makaranta bai tsaya ba. Sai na nuna masa hoton Manja a kwance. Ya koma ya zauna, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ta ci abinci?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Ai ba za ta ci ba. Kutti ma ba ta ci ba."

Ya ja ni bayan ginin. A ƙarƙashin ƙofar baya, kan wani tsohon buhu, ga wata 'yar karya ja, kunne ɗaya a karye, haƙarƙarinta duk a waje. Ita ce Kutti. Ya ce shekarar da aka kawo Manja, wata rana ana ruwa, ta shigo tana 'yar kwikwiya ta ratsa tsakanin ƙarafan kejin. Ya yi ta ihu yana jiran a haɗiye ta. Manja ta shinshina ta, ta lashe ta. Tun ranar tare suke kwana, kuma in ya kawo nama sai Kutti ta fara sa baki sannan Manja za ta ci. Ranar da hukuma ta zo Kutti ta gudu, washegari ta dawo, tun lokacin tana nan bakin ƙofa.

Kawu, ka faɗi gaskiya tun daga Kazaure!

Kai ta wurinmu ma aiki ne. Motar haya uku na tsayar, duk wanda ya ga kare sai ya ɗaga hannu ya wuce. Ka san mutanen nan sun fi mu kaffa-kaffa da kare. A ƙarshe maƙwabcin Ankul Selvam ya ɗauke mu a motar da yake dakon furanni, ni da ita da buhunta a baya cikin kwanduna.

Dakta Zuhra ba ta yi murna ba. Ta ce akwai cutar karnuka da ke kashe zakuna, sannan ta ce, "Fiddausi, zakanya ce da ta yi sati uku da yunwa. In ta raba ta biyu a gabanmu fa?" Da ƙyar ta yarda a ɗebi jinin Kutti a killace ta. Sakamako sai nan da kwana biyar.

Ga abin da nake so ka gaya min. Bayan kusan wata guda, ga warin magani a jikin karyar, Manja za ta gane ta? Ta bayan ragar waya za mu fara haɗa su ko kai tsaye? Da safe ko da yamma? Littattafanmu ba su ce komai a kan wannan ba. Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare.

In na yi wani laifi ne ka yafe min, ka gaya min ko mene ne.

'Yarka,
Fiddausi

Chow Kit
27 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan alheri. Ni lafiya, ban da tafin hannuna na dama da ke naɗe da bandeji, za ka ji dalili. Mero ta ce ka hana ta kawo maka takarduna. Ban san me na yi ba. Zan rubuta wannan duk da haka, don kai ka fi kowa cancantar ji, ko yanzu ko wata rana.

Ranar Alhamis sakamako ya fito, jinin Kutti lafiya lau. Tun da ban ji daga gare ka ba, sai na zauna na tambayi kaina, da Kawu ne me zai fara yi? Na ce ba zai yi gaggawa ba. Sai na ɗauko buhun nan da Kutti ke kwana a kai, na tura shi ɗakin Manja da dogon sanda, na koma gefe na zauna yadda ka ce. Minti kusan goma ba motsi. Can sai na ga kunnenta ya juya. Ta ɗaga kai. Kawu, rabon da ta ɗaga kai don kanta har na manta. Ta ja jiki da ciki har wurin buhun, ta tura hanci ciki, ta jawo shi ƙarƙashin ƙirjinta ta kwanta a kai.

Da Dakta Zuhra ta ga haka ta ce gobe a gwada, amma ta bayan waya, kuma da igiya a wuyan karyar.

Juma'a da safe muka taru. An ɗauko Ankul Selvam daga Sentul, ya sha farar riga kamar mai zuwa biki. Dakta Zuhra na riƙe da bindigar allurar barci. Cikin ma'aikata babu mai son riƙe igiyar, sai na ce a ba ni. Muna shigowa lungun, tun kafin su ga juna, Manja ta yunƙura ta miƙe, ƙafafun baya suka ƙi ɗaukar ta ta faɗi, ta sake miƙewa. Ta yi wani sauti a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, kamar saniya na kiran maraƙi.

Ban san lokacin da Kutti ta fizge ba. Igiyar ta zare ta ƙone min tafin hannu. A ƙasan wayar akwai 'yar kafa da muke tura farantin nama, babu wanda ya taɓa tunanin kare zai iya bi ta nan. Ta baje kamar tabarma ta shige.

Kowa ya daskare. Manja ta ɗora mata hannu ɗaya ta danne ta ƙasa, ta buɗe baki, kan Kutti gaba ɗaya ya shige ciki. Wata ma'aikaciya ta yi salati. Na ga Dakta Zuhra ta ɗaga bindiga, sai kawai na riƙe hannunta na ce, "Dakta, tsaya. Dubi wutsiyar." Ni ɗaliba, ita shugaba, ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba. Wutsiyar Kutti tana kaɗawa kamar za ta tsinke. Manja ta sake ta, ta shiga lasar ta tun daga kai har baya, harshenta na ture ta tana faɗuwa tana tashi.

Ankul Selvam ya ce, "Nama! Ku kawo nama yanzu!"

Na tura farantin da hannun hagu. Kutti ta je ta yagi 'yar tsoka. Manja na tsaye tana kallon ta. Sai ta sunkuya ta ɗauki cinyar akuya. Wannan ƙarar ƙashi da na ji, ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba. Ankul Selvam ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigarsa yana kuka, ba ya ko ɓoyewa.

Kilo ɗaya da rabi ta ci muka janye saura. Jiya ta ci, yau ma ta ci. Da na tambayi Dakta Zuhra ko Kutti za ta zauna, sai ta dube ni ta dubi hannuna ta ce, "Boleh." Wato an yarda. Ta kuma ce nan gaba in na sake riƙe mata hannu tana riƙe da bindiga za ta mayar da ni wurin awakina. Daga baya ta aiko min da sabulun ƙasa, irin wanda suke wanka da shi in sun taɓa kare.

An soke maganar allurar ƙarshen wata.

'Yarka,
Fiddausi

Kazaure
30 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, an kai gero rumbu. Ya hannu? Ki riƙa shafa masa zuma.

'Yata, kunya ce ta cika ni, ban san ta inda zan fara ba. Ba ki yi min laifin komai ba. Ni na yi miki.

'Yar takardar nan taki ta bakin titi, kin rubuta kin bincika maganata, karya ce. Ku yaran yanzu ba kwa sa wa harafi ƙugiya in kuna rubutu a waya, na saba ina sa muku da kaina in ina karatu. To a nan ma sai na sa. Na karanta ƙarya ce.

Dole in gaya miki abin da ya sa kalmar ta kwantar da ni. Bayan an harbe Barde an kafa kwamiti. Na tsaya gabansu na ce sau uku ina kai ƙara cewa ƙarfen ƙofar ya ci tsatsa, sau biyu da baki sau ɗaya a rubuce. Mutumin da ke kan kujerar tsakiya bai ko ɗago ya dube ni ba, ya ce, "Ƙarya ce." Shi ke nan. Shekara ashirin da bakwai, da kalma biyu aka rufe ta. Da na ga kalmar a takardarki sai na ce wa kaina, Ɗayyabu, ka ga abin da ya sa ka yi shiru tun farko. Ka buɗe baki sau ɗaya, ga yarinyar da ka haifi sa'arta ta gaya maka abin da suka gaya maka.

Jiya Mero ta zo da takardu biyu. Na ce ta mayar. Ta ce, "Baba, yau kam ba zan mayar ba." Na shige ɗaki na turo ƙofa. Sai ta tsaya bakin taga ta fara karantawa da ƙarfi, ta san kunnena, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da ta kai wurin 'yar karya ja mai karyayyen kunne sai na ce ta tsaya. Na laluba aljihun rigar Juma'a na ciro 'yar takardar, na kai ta haske. Babu ƙugiya. Ko alamarta babu. Na fito na zauna a turmi, na ce ta ci gaba. Ta karanta har inda Manja ta ɗauki cinyar akuya, na ce ta maimaita wurin. Sau uku ta maimaita.

Kin yi tambaya lokacin da kike buƙata, na bar ki ke kaɗai. Da abin ya ɓaci, da alhakin yana wuyana. Ki yafe min. Amma ki sani, dabarar buhun nan ba tawa ba ce, da kin tambaye ni ma ba lalle in tuna ta ba. Kuma da ni ne a lungun nan, ban san ko idona zai kai kan wutsiya ba. Wannan aikinki ne.

Yanzu saurara. Kada ku cika mata ciki, kaɗan-kaɗan sau biyu a rana har sati biyu. Ku ba ta ƙashi mai ɓargo ta yi ta fama da shi, yana dawo da ƙarfin wuya. Maganar fita fili kuwa, kada kowa ya kore ta ko ya ja ta da nama. Ku bar ƙofar a buɗe, ku mayar da kwanon ruwan karyar waje, kowace rana ku ƙara matsar da shi taku biyu. Ku yi wa karyar 'yar kafarta daban wadda zakanya ba za ta iya bi ba, don ko masoya suna gajiya da juna.

Ki gaida wannan dattijo Selvam. Ki ce masa wani mai sharar keji a Nijeriya yana gaishe shi.

Kawunki,
Ɗayyabu

Chow Kit
21 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Hannuna ya warke, sai ɗan tabo. Ka yi haƙuri da jinkiri, jarrabawa ce ta riƙe ni, kuma ina so in rubuto da labari cikakke. Maganar yafiya kuwa, Kawu, babu komai wallahi. Na yi dariya har na yi hawaye, sannan na yi hawayen gaske. Daga yau duk harafin da ke da ƙugiya zan sa masa, wanda ba shi da ita zan ja masa layi.

Mun bi maganarka ta kwanon ruwa. Kutti na fita ta sha ta dawo, Manja na tsaye bakin ƙofa tana kallo. Kwana tara a haka. Rana ta goma ta miƙo hannu ɗaya ta taɓa ciyawa, ta janye da sauri tana yarfewa kamar ta taka garwashi. Ka tuna tun da aka haife ta siminti kaɗai ta sani. Washegari hannu biyu. Ranar da kwanon ya kai gindin bishiya, Kutti ta sha ruwa ta ƙi dawowa, ta kwanta a inuwa tana birgima. Manja ta yi ta kiran ta, ta yi banza da ita. Sai ga zakanya ta fito gaba ɗayanta, tana ɗaga ƙafa sama-sama kamar amarya a cikin taɓo. Ta isa bishiyar, ta tsaya, ta ɗaga kai tana kallon sama. Ta daɗe a haka.

Yanzu da ƙyar ake shigar da ita ɗaki. Ta ƙara kilo goma sha ɗaya. Ta gano tafkin, ta faɗa ciki sau ɗaya bisa kuskure, ta fito tana harararmu kamar mu muka tura ta. Shekaranjiya da hantsi ta hau kan wani dutse a tsakiyar filin, ta saukar da kai, cikinta ya shiga ya fito, ta yi ruri. Birai suka watse daga kan itatuwa, duk damisoshin gidan suka yi tsit, ni kuwa bokiti ya faɗi daga hannuna. Da ta sake na ɗauka a waya, na tura wa Mero.

Ga wani saƙo daga Dakta Zuhra. Na fassara mata wasiƙunka biyu, ban da abin da ya shafe ka kai kaɗai. Ta sa na karanta wa ma'aikata duka. A watan gobe za a kawo mana zakuna biyu maza daga wani wurin wasa da aka rufe, kuma tana roƙon ka zama mai ba mu shawara. Ta rubuta tambayoyi goma sha huɗu, suna nan a shafi na biyu. Ta ce a rubuta sunanka cikakke yadda kake so ya fito a takardun gidan.

'Yarka,
Fiddausi

Kazaure
25 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, gwiwa ma ta yi sauƙi, ko kuma na daina kula ta. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.

Ki gaya wa Dakta na karɓa. Sunan shi ne Ɗayyabu Alkasim Kazaure. Na sayo littafi mai shafi tamanin da biro biyu, na amsa tambaya shida, Mero za ta turo. Ta bakwai ban gane ta ba, ki sake min bayani. Kafin zakunan su iso ina so in san ko 'yan'uwa ne, da kuma wanne yake fara cin abinci.

Mero ta kawo wayar ranar Asabar. Ta kunna a tsakar gida ban ji sosai ba, sai ta aro akwatin magana irin wanda ake kai wa wurin biki, ta ce in bari sai an jima. Na ce ba zan bari ba. Na ɗauke shi da kaina na fita ƙofar masallaci, lokacin an idar da la'asar, dattawan unguwa na zaune a tabarma. Shekara goma sha ɗaya muna zama tare da mutanen nan, in an zo hirar aikin da kowa ya yi a da sai in tashi in ce zan duba tumaki. Na ajiye akwatin a tsakiyarsu na ce, "Ku saurari 'yata."

Mero ta ƙure murya ta kunna.

'Yata, na ji shi. Ba da kunne kaɗai ba, a ƙirji na ji shi. Mai unguwa ya zubar da butarsa. Jakin mai itace ya watsar da kaya a tsakiyar hanya. Akuyar Liman ta tsinke igiya ta haura katangar makaranta, sai bayan magariba aka samo ta a bakin kasuwa. Da hankali ya dawo suka yi min caa da tambaya, ina ne wannan, ta yaya aka yi, me ya haɗa zaki da kare. Na zauna na ba su labarin tun daga farko, na haɗa da na Laraba, har na Barde na ba su. Ba wanda ya tashi sai da aka kira salla.

Ki ɗauko min wani rurin, mai tsawo. Liman ya ce a sake kunnawa ranar Juma'a kowa ya ji, amma a ba shi labari tun da safe ya kai akuyarsa gidan surukinsa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Kawunki,
Ɗayyabu